Darasin 1/4 da 1/8: yadda nake barin yara su gano da hannunsu

Idan zan koyar da rabon lamba a aji huɗu na firamare, nakan rubuta 1/4 da 1/8 a allo, in ce kowa ya zaɓi wanda ya fi girma. Yawanci rinjaye na wajen 1/8, hujjarsu kuwa takwas ta fi huɗu. Ba na gyara musu nan take. Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa yaro yana ɗora sabon ilimi ne a kan wanda ya zo da shi, kuma ba ya sakin tsohon tunaninsa sai ya ga abin da ya ƙaryata shi. Aikina shi ne in kawo masa wannan abin.

Sai in raba su biyar-biyar, kowane rukuni da zirin takarda uku, kowanne santimita 24. Na farko a naɗe shi sau ɗaya, na biyu sau biyu, na uku sau uku, kowane naɗi a tsakiya, a buɗe a jera su a kan benci, su ga rabi (1/2), rubu'i (1/4) da sumuni (1/8). Da kara na fara, amma yana tsagewa, gutsattsarin ba sa zuwa daidai, musun ya koma na wa aka cuta. Tsawon zirin ma dole ya zama ɗaya. Ranar da wani rukuni ya samu gajere, rubu'insu ya kusa kai sumunin maƙwabtansu, darasin ya dagule.

Inda na fi shan wuya shi ne riƙe bakina. Yaro ya tsaya yana kallon takardar, amsa tana kan harshena. Yanzu tambaya kawai nake jefawa: "Rake ɗaya, ku huɗu ko ku takwas, a ina za ka fi samu?" Irin wannan ɗan tallafi ne Lev Vygotsky na Rasha ya yi magana a kai, wato abin da yaro bai iya shi kaɗai ba amma zai iya idan an kama masa. Kuma a kowane rukuni akwai mai kaifin kai da zai ƙwace aikin, don haka nakan raba: mai naɗi, mai awo, mai rubutu, bayani kuwa ni ke zaɓar wanda zai yi.

Barin yara su yi ta lalube ba jagora ɓata lokaci ne, ban yarda da shi ba. A cikin minti 35, naɗi ba ya wuce 15. Sauran na zane ne a littafi, sannan rubuta alamar, bisa jerin da Jerome Bruner, masanin koyo ɗan Amurka, ya bayar: a taɓa, a zana, a rubuta. Bayan mako guda sai in tambayi 1/3 da 1/5 ba takarda. Wanda ya zaɓi 1/5 nakan miƙa masa ziri biyu da abin awo ya sake.