An ce na tara jama'a a ɗakina

Takarda suka jefa min a akwatin wasiƙa, ba sunan kowa, sai hatimin masu kula da gidan haya. Sama Japananci, ƙasa an juya shi da Turanci. Ni kaɗai ne baƙo a duk benen, ba sai an gaya min da wa ake ba. Wai maƙwabta sun kai ƙara cewa ina tara mutane a ɗakina ranakun Lahadi, ana kiɗa da tafi da shewa, kuma a tuna min ɗakin na mutum ɗaya aka ba da haya. Layin ƙarshe ya ce a girmama al'adar ƙasar da ake zaune a cikinta.

Tun da na kama ɗakin nan a Chiba, a ƙasar Japan, ban da mai duba gas, babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa tuɓe takalmi a bakin ƙofata. Jama'ar da suka ji suna tafi 'yan ƙasarsu ne, a cikin faifai suke, kuma mawaƙin nasu ne.

Ina aiki a yadin da ake kwance tsofaffin motoci, mu ware inji da giya da ƙofofi, mu loda a kwantena zuwa Dubai ko Kwatano ko Legas. Kafin a sa wa mota hannu sai an kwashe tarkacen cikinta: lema, tsabar kuɗi, tabarau, wani lokaci takalmin yaro ƙwaya ɗaya. A wata tsohuwar Toyota Crown na tsinci kwalin CD mai faifai biyu, murfin ya tsage ta gefe. Zan wurga shi cikin shara kenan dattijon da ke tuƙa motar ɗaga kaya ya riƙe min hannu. Mutumin da gaisuwa kawai ke haɗa mu, ranar sai da shinkafarsa ta huce a gabansa yana ba ni labari, rabi da baki rabi da hannu.

Sunan mawaƙin Yamashita Tatsuro, haifaffen Tokyo a 1953. Faifan kuma JOY, ya fito a 1989. Ba a ɗakin naɗar waƙa aka yi shi ba. Wasannin da ya yi ta yawon yi a gaban jama'a shekara da shekaru, daga 1981 har zuwa 1989, su aka tsinto aka haɗa, wannan waƙa daga dare kaza, waccan daga wata shekara daban. Dattijon ya ce mutumin ba ya fitowa a talabijin, ba ya son filin wasa mai ɗaukar dubun dubata, ya fi son zauren da na kujerar baya zai ji shi sosai. Shi ya sa tikitinsa sai da ƙuri'a. Akwai wani zaure a Tokyo, Nakano Sunplaza, da ya saba wasa a ciki, kuma da za a rufe shi a watan Yulin 2023 shi aka ba wasan ƙarshe. Har yau yana da shirin rediyo duk Lahadi da ƙarfe biyu na rana. Ashe ma na san muryarsa ban sani ba, don waƙarsa ta Kirsimeti ta 1983 babu kantin da ba ya sa ta idan Disamba ta kama.

Na nema a waya ban samu yadda nake so ba, don ya ƙi sakin yawancin waƙoƙinsa a manhajojin sauraro. Sai na sayi 'yar rediyo mai cin CD a shagon kayan gwanjo. Ba na jin abin da yake faɗa sai kalma nan kalma can. Abin da ya kama ni wurin da waƙa ta ƙare ne, zauren ya ɗauka gaba ɗaya, wani ya yi fito daga can baya, shi kuma ya ja numfashi ya yi musu magana su yi dariya. Mutanen nan da ke cika jirgin ƙasa maƙil ba ka jin ko tari, ashe suna da murya haka. Bayan la'asar nake sawa, ba da dare ba, kuma ban taɓa ƙure shi ba. Bangon gidan ne katako.

Ba ƙarar ce ta ƙona min rai ba, don mai haƙƙi yana da bakin magana. Hanyar ce. Duk safiya ina haɗuwa da su a wurin zubar da shara, na ware kwalba daban, gwangwani daban, roba daban, na sunkuya na gaishe su, su sunkuya. A cikinsu akwai wanda ya zauna ya kira ofis ya ce baƙon nan yana tara mutane, bai iya taka matakala ya ƙwanƙwasa ya leƙa ba. Da ya leƙa, da ya ga katifa ɗaya da darduma da tukunyar dafa shinkafa. Na kai shekaru ina kiyaye kowace doka tasu, ban taɓa makara aiki ba, injin da matasansu ke yini a kai nakan sauke shi kafin azahar, mai yadin da kansa ya san haka. Duk wannan bai hana a rubuto min darasin girmama al'ada ba.

Na kai wa dattijon takardar ya karanta. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ba ni haƙuri kamar shi ya rubuta. Washegari ya kawo min abin sawa a kunne, sabo a kwalinsa. Na karɓa, na gode masa, kuma har zuciyata na gode. Amma tafin mutum dubu biyu a cikin kunnenka kai kaɗai wani abu ne daban, ɗakin yana nan yadda yake.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, yana da kaset ɗin Shata cike da wata tsohuwar jakar fata. Da yawansu ba na kanti ba ne, a wurin biki aka naɗo su, ka ji kalangu, ka ji 'yan amshi, ka ji maroƙi ya katse waƙa yana shelar wane ya ba da kaza, mata na guɗa, har kukan yaro. Da hantsi ranar da ba ya fita kasuwa zai shimfiɗa tabarma a zaure ya sa, kafin kaset ya juya zaure ya cika. Mai wucewa ya yi sallama ya zauna, a miƙo masa goro. Ranar da aka sanar da rasuwar Shata a 1999 ina yaro, amma na tuna Baba bai ci tuwon dare ba. Su Japanawa sun adana daren mawaƙinsu ɗaya bayan ɗaya, har masoyansa na ta jiran kashi na biyu na JOY shekara fiye da talatin. Mu namu yana cikin jaka.

Na kira gida na tambayi jakar. Ƙanina ya ce, "Yaya, wace jaka kuma? Ai tun da aka yi gyaran ɗakin Baba ban sake ganinta ba." Na ji raina ya ɓaci, na fara faɗa, sai Inna ta karɓi wayar.

"Kai da ke wata uwa duniya, kaset ne damuwarka? Kana cin abinci kuwa?"

"Ina ci, Inna."

"Muryarka ba ta nuna ba."

Ban gaya mata zancen takardar ba. Da na faɗa, da ta kwana tana tunanin 'yan sanda ne za su zo su kama ni. Ta ce jakar tana nan a ƙarƙashin gadonta, ita ta ɗauke, don ta ga yara sun fara zare zaren kaset suna wasa da shi. Rabi zafi ya lalata, in ji ta, sauran ba ta da rediyon da za ta gwada. Daga nan ta shiga zancen da ya dame ta: an sa ranar auren autarmu bayan babbar salla, dangin ango sun kawo lefe, saura kayan ɗaki, kafinta ya ce gado da kujeru sun tashi. Rufin ɗakin tsakiya yana yoyo tun damina. Kawu ya ce in ba zan samu zuwa ba shi zai zama waliyyi, kuma na san ba zan samu ba, don takarduna suna hannu ana sabuntawa. Yarinyar da na goya a kafaɗa zuwa makarantar allo za a kai ta ɗakinta ina nan ina kwance giyar motoci.

Na ce wa ƙanina ya nemo wanda zai juye abin da ya rage na kaset ɗin a waya, ni zan biya. Ya ce akwai wani a kasuwa mai yin haka, amma in fara turo kuɗin gadon tukuna, don Inna ta riga ta yi wa kafinta alkawarin ƙarshen wata.