A. R. Rahman kafin duniya ta san shi

A majalisun Agege da Idi-Araba, inda ake yawan kallon fina-finan Indiya na fassarar Hausa, kowa yana iya jero sunayen jarumai, amma da wuya a ambaci wanda ya tsara kiɗan da ke sa mai kallo hawaye. Ko waɗanda suka san A. R. Rahman, mai tsara kiɗan fina-finan Indiya, galibi daga lambobin Oscar biyu da ya samu a 2009 saboda fim ɗin Slumdog Millionaire suke fara labarinsa, alhali a ganina shekarun da suka gabaci shahararsa sun fi cancantar nazari.

An haife shi a Madras, wadda yanzu ake kira Chennai, a 1967, aka raɗa masa suna Dileep Kumar. Mahaifinsa, R. K. Shekhar, wanda shi ma mai tsara kiɗan fina-finai ne, ya rasu yaron yana da shekara tara, sai gidan ya koma dogaro da kuɗin hayar kayan kiɗan da ya bari. Larura ce ta sa yaron ya fara kaɗa fiyano a ƙarƙashin manyan masu sana'ar, ciki har da Ilaiyaraaja, yana aiwatar da abin da wasu suka tsara ba tare da sunansa ya fito ba. A ƙarshen shekarun 1980 iyalin suka karɓi Musulunci, ya ɗauki sunan da aka san shi da shi yau.

Daga nan ya shiga haɗa kiɗan tallace-tallace, wanda nake ganin shi ne makarantarsa ta gaskiya, domin talla ba ta ba mutum damar shimfiɗa doguwar gabatarwa, dole ne ya kama kunnen mai sauraro cikin 'yan daƙiƙoƙi ko kuma a wuce shi. Ya kafa situdiyonsa, Panchathan, a harabar gidansu, kuma lokacin da darakta Mani Ratnam ya ba shi aikin Roja a 1992, ya riga ya ƙware wajen sarrafa sauti da na'ura, har wannan fim nasa na farko ya samo masa lambar yabo ta ƙasa.

Wannan ne dalilin da ya sa ba na yarda da matasanmu masu fiyano da kwamfuta a nan Legas idan suka ce tallar rediyo aikin neman na abinci ne kawai kafin babban fim ya zo, suna yin ta a gaggauce don a sallame su.