Gam ɗin fata da ya kusa cinye mini shuɗin dutse a Kiyoto

Duk wanda zai koyi nihonga, zanen gargajiyar Japan, ya fara da sanin gam kafin ya taɓa buroshi. Launukan da yawa garin duwatsu ne, ba sa kama takarda da kansu, sai an kwaɓa su da nikawa, gam ɗin da ake dafawa daga fatar dabba. Na tambaya, aka ce namu na saniya ne, hankalina ya kwanta.

Abin da ke ba ni haushi har yau, mai shagon da ya sayar mini da kaya ya yi ta yabon shuɗinsa na gunjo, ya nuna mini yadda lambobin laushin garin ke tafiya daga 5 mai tsakuwa-tsakuwa zuwa 13 mai laushi, amma ko uffan bai ce ba kan cewa gam ɗin yana ruɓewa. A zafin Kiyoto na watan Agusta kuwa, ba ya kwana biyu a waje. Na shafa shuɗin nan mai ɗan karen tsada, ya bushe, na ɗaga takardar, sai ga shi yana zubowa kamar yashi.

Wata tsohuwa da ke gefena a ajin da nake koyon zanen, Iya nake ce mata, ba ta jin Turanci, ni kuma Japanancina na gaisuwa ne. Ta sunsuna kwanon gam ɗin, ta yatsine fuska, ta je ta zubar. Ta tattara garin da ragowar da ke kwanona, ta zuba ruwan zafi, ta jira ya kwanta, ta tsiyaye, ta sake. Ashe dutse ba ya lalacewa, wanke shi ake yi! Sannan ta kama yatsana na tsakiya ta nuna mini yadda ake murza garin da sabon gam, ɗigo-ɗigo.

Daga baya, da tana goga sandar tawadarsu ta sumi, wadda baƙin hayaƙi ne da gam, na nuna mata hoton allo da tawadarmu ta ƙaro. Ta daɗe tana kallo, ta kira sauran ɗaliban su zo su gani.

Don Allah ku jiƙa gam kaɗan, ku ɗumama shi kada ya tafasa, ya kwana a firiji, kuma ku sunsuna shi kafin ya kusanci shuɗinku.