Mako na bakwai: fayil mai hannu ya tsaya da ƙafarsa, kunnuwa kuma sun ba ni kunya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Na yi shiru kwana biyu, amma ba watsar da aikin na yi ba. Hunturu ne ya shigo ya lanƙwasa mini kwali huɗu kamar ƙwarya, sai da na tsaya na gano inda gizo ke saƙa kafin in sake zuwa muku da surutu.

Ga wanda bai san mafarin abin ba, takardun mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, suka jefa ni cikin wannan koyo. Jaka guda cike ya bari: takardun fili, rasit na haraji, takardun fansho, wasiƙu, har da katin asibitin kowannenmu tun muna jarirai. Na ƙudura cewa da hannuna zan yi musu mazauni, wato fayil na kwali irin na ofis.

Bari in fara da lanƙwasar kwalin, don na san ba ni kaɗai za ta kama ba. Na shafa gam mai ruwa-ruwa a fuska ɗaya, na manna ƙyallen atamfa da na roƙo wajen tela, na jingine shi a bango ya bushe. Da gari ya waye ya zama baka. Dalili shi ne fuskar da ta jiƙe tana buɗewa, in ta bushe kuma ta tsuke ta ja kwalin gefenta, iskar hunturu kuma ba ta ba shi lokaci. Magani: duk abin da ka manna a waje, ka manna takarda a ciki ta ja ta ɗaya ɓangaren, sannan ka sa shi tsakanin katako biyu ka ɗora nauyi ya kwana. Ni bulo biyu nake ɗorawa. Kuma kwali yana da jijiya kamar itace. Ka ɗan tanƙwara shi a hankali ta tsawo da ta faɗi, inda ya fi saurin bin hannunka nan jijiyar ta kwanta, kuma dole ta bi tsayuwar gadon bayan fayil, daga sama zuwa ƙasa. Sitati na daina amfani da shi gaba ɗaya. Ruwansa ya yi yawa, ga shi abincin kyankyaso da gara. Farin gam na kafintoci ya fi mini.

Ƙarfen da ke riƙe takardu ba ni na ƙera ba, kada in yi muku ƙarya. Daga tsofaffin fayil da aka zubar na ciro guda uku. Wani dattijo baduku a bakin kasuwa ya buga mini ƙusoshin ribit. Da farko a gadon baya na ce ya buga, ya juya abin a hannunsa ya ce, "Ɗana, anya wannan zai rufe kuwa?" Na ce masa, "Baba, buga kawai." Ya buga, bai rufe ba. Ashe ƙarfen mai hannu a murfin baya yake zama, kusa da gadon bayan. Na koma washegari da sabon kwali, bai ce mini komai ba, murmushi kawai ya yi ya ɗauki guduma.

Wannan ƙarfe da muke gani a kowane ofis daga Jamus ya fito. Friedrich Soennecken na garin Bonn ne ya fito da fayil mai zobe a 1886, kuma a shekarar ya yi rajistar abin huda takarda, domin ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya. Louis Leitz na Stuttgart ya kawo mai hannun nan da ake ɗagawa bakunan ƙarfe su buɗe a 1896. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ramin yatsa, zagayayyen hujin nan na ƙasan gadon baya. Sai a 1911 aka ƙara shi. Shekara 15 ke nan mutane suna fama da ciro fayil daga kanta kafin wani ya ce a huda rami.

Da na fara karanta wannan dariya na yi. To ni ma ban huda ba, na ce ado ne. Na jera ukun a kanta sun matse juna, na zo ciro na tsakiya babu wurin kamawa, na sa yatsa ta sama na fizgo, atamfar ta yage daga baki. Yanzu kowanne yana da raminsa, faɗin milimita 25, an kewaye shi da zoben ƙarfe. Haka ma tsagogi biyun nan na murfin gaba da nake ɗauka kwalliya ce: bakunan ƙarfen ne ke leƙowa ta ciki, murfin ya kwanta, fayil ya tsaya a miƙe ba ya buɗe baki kamar kada.

Maganar huji kuma, ku riƙe awo uku. Tsakanin huji da huji milimita 80, faɗin kowanne wajen 6, nisansa daga bakin takarda wajen 12. Shi ne ma'aunin ISO 838, kuma a kansa aka ƙera abin hudawar da ake sayar mana. Takardar A4 tsawonta 297, saboda haka tsakiyarta 148.5. Na naɗe wata takarda biyu na yi alama a tebur da fensir, na huta da awo kullum. Ku yi hattara da fayil mai zobe uku da ake samu a gwanjo. Na Amurka ne, tazarar zobbansa milimita 108, takardarsu ma ta fi tamu gajarta da faɗi. Na sayi ɗaya don araha, yana nan yara suna wasa da shi.

Inda na sha ƙasa shi ne ban auna takardun Baba ba kafin in yanka kwali. Tsofaffin ba A4 ba ne, fulskaf ne na zamanin ofisoshin Turawa, tsawonsa inci 13, wato milimita 330. Sai ga su suna leƙowa sama da ƙasa. Dole na sake yin fayil ɗaya dogo dominsu. Kuma takardar fili ko ta fansho ban huda ko ɗaya ba, cikin ledar nan mai huji a gefe nake zura su. Da yawansu dama an riga an huda musu kusurwa an zura igiyar fayil mai ƙarfe a baki biyu, irin ta rajista, kusurwar ta cinye saura ƙiris. Ƙusoshin sitafula duk na cire, sun yi tsatsa sun bar tabo. Inda aka taɓa liƙa salatif kuwa ya zama ruwan ɗorawa, babu yadda zan yi da shi.

Sai kunnuwa, wato ɗan abin da ke leƙowa a gefen kwalin raba takardu a rubuta suna a kai. Nan ne na yi abin kunya sau biyu. Na farko, na yanka kunnuwan daban na manna da gam. Kwana uku da buɗewa da rufewa biyu suka faɗi. Na biyu, na gane a jikin kwalin ya kamata a yanka kunne, sai na haɗa kwali biyar na yanka su tashi ɗaya don sauri. Duk kunnuwan suka fito a layi ɗaya, na farko ya rufe sauran huɗu. Matata ta leƙo ta ce, "Malam, to su sauran ta ina za a gan su?" Ban da amsa.

Yadda ya dace, ka raba tsawon gida biyar, kowanne milimita 59, kunne na farko a sama, na biyu ya sauko gida ɗaya, haka har ƙasa kamar matakala. Ya leƙo milimita 12 ya isa. Ka zagaye kusurwoyinsa da almakashi, don kusurwa mai tsini ita ke fara naɗewa. Wannan ɗan kunne ma sai da wani Ba'amurke, James Gunn, ya yi masa rajista a 1897, a kan katin da ake jerawa cikin durowa. Kwalin mai launin ƙasa-ƙasa da muke ce wa manila kuwa sunan babban birnin Filifin ya ɗauka, domin asali da zaren abaka ake yin sa, wata shuka dangin ayaba da ake tufka igiyar jirgin ruwa da ita.

Sunayen da na rubuta: Fili, Fansho, Haraji, Asibiti, Sauransu. Shawarata kada ku yi kunnen Sauransu. Cikin yini ɗaya ya haɗiye rabin jakar. Na cire shi, na mai da shi Wasiƙu, abin da ya rage na tilasta wa kaina in nemo masa gida.

Sitika ta ƙi zama a kan atamfa, da rana ta yi zafi sai ta ɗaga baki. Ba laifinta ba ne, don fuska mai santsi aka yi ta. Stanton Avery ya fara yin ta a Los Angeles a 1935, da injin da ya harhaɗa daga motar injin wanki da sassan keken ɗinki, abin da ya sa na daina jin kunyar bulona biyu. Maimakonta na yanka leda mai kauri, tela ya ɗinke mini ita gefe uku a kan ƙyallen kafin in manna, ta zama aljihu. Sai in zura ɗan kati, in suna ya canza in zare in sa wani. Da fensir mai duhu nake rubutawa, don na ga a takardun Baba rubutun fensir yana nan daram, tawada kuwa wata ta koɗe.

Mako mai zuwa akwati zan gwada, wanda fayil marasa ƙarfe za su tsaya a ciki da gefensu, kunnuwa a sama. Katakon yana wajen kafinta. Kafin nan ina da roƙo: ramin yatsan nan da reza nake yanka shi, bakinsa ba ya fita sumul, zoben ƙarfe ne kawai ke rufa mini asiri. Wanda ya taɓa huda kwali mai kaurin milimita 2 da bututun ƙarfe da aka wasa wa baki, ya faɗa mini ko yana tsaga atamfar, kafin in je in ɓata wa maƙeri lokaci.