Takardar da na bari ya tafi teku bai cike ba

Wata bakwai da kwana tara maigidana ya yi a teku a tafiyarsa ta farko, alhali wata huɗu aka ce mana. Ya sake tafiya sau biyu bayan wannan, duk na jure, amma har yau idan na tuna wata takarda mai shafi biyu da na bari ya tafi bai cike ba, sai in ji zuciyata ta yi zafi kamar jiya abin ya faru.

Lokacin da ya shiga aikin sojan ruwa ba mu yi aure ba tukuna, muna dai shiri. A makon farko na horo aka raba wa kurata fom, aka ce kowa ya rubuta wanda za a nema idan wani abu ya same shi, da wanda zai karɓi haƙƙinsa idan ta Allah ta kasance. Ya sa sunan yayansa, kuma bai yi laifi ba, don a ranar ni ba kowa ba ce a idon hukuma. Maganar horo ba zan tsaya a kanta ba, ke mai shirin auren soja, duk matar sojan da kika tambaya za ta gaya miki: waya sai an ga dama a ba su, zai dawo ya rame, kai a aske, yana tashi tun kafin asuba yana ninke kaya kamar za a zo dubawa. Wannan duk mai wucewa ne.

Bayan ya fito muka yi aure. Ya ce min akwai fom da zai kai ofis a shigar da sunana cikin fayil ɗinsa, sai an haɗa da shaidar aure da hotuna. Na ce to. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama wata mai zuwa. Kusan wata biyar ina ganin fom ɗin a ninke cikin aljihun jakarsa, gefensa har ya fara yin baƙi, ban taɓa cewa "tashi mu je yau" ba. Amarya ce ni, ina jin nauyin in riƙa tayar da maganar magaji da haƙƙi, kada ya ga kamar ina yi masa fatan mutuwa tun ba a je ko'ina ba. Wannan kunyar ce ta cuce ni.

Kwana uku kacal aka ba su kafin tashi. Bai gaya min inda za su ba, ba don ɓoyo ba, shi kansa ba a gaya masa duka ba, abin da ya sani kuma ba a yarda ya faɗa ba. Kwana ukun nan a haɗa kaya da sallama da dangi suka ƙare. Ya miƙa min katin bankinsa, ya gaya min lambar sirri, ya ce albashi zai riƙa shigowa. Ina da cikin wata uku. Na ɗauka mun gama shiri.

Abu na farko da zai dake ki shi ne shiru. Ni da na ɗauka tunda yana da waya ai shi ke nan. Ashe sabis daga turakun da ke kan tudu yake zuwa, jirgi na yin nisa da gaɓa waya ta zama agogo. Abin da ya rage sai hanyar tauraron ɗan Adam ta jirgin, ita kuwa aikin jirgi ne farko, saƙon iyali sai abin da ya ragu. Kuma kwamanda na iya rufe ta gaba ɗaya a duk lokacin da ba a so a san inda jirgin yake, ba wanda zai yi miki bayani. Kwana 19 na yi ban ji ko tarinsa ba. Ina kwana da waya a ƙarƙashin matashi, ko saƙon talla ya shigo sai gabana ya faɗi.

Wata maƙwabciyarmu da mijinta ya fi shekara 15 a aikin ita ta zaunar da ni. Ta ce, "Ƙanwata, a aikin nan shiru alheri ne. Mugun labari ba ya jiran sabis, da ƙafarsa yake zuwa ƙofar gida." Na ji sanyi a raina ƙwarai, na riƙe maganar nan kamar laya. Abin da ba ta tambaye ni ba, ni ma ban tambayi kaina ba, shi ne ƙofar wa labarin zai ƙwanƙwasa. Ƙofar da aka rubuta a fayil yake zuwa.

A wata na uku wani bututu mai zafi ya ƙona shi a hannu a ɗakin inji, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Rundunar ta yi abin da ya kamata, a ranar aka sanar da wanda ke rubuce. Yayansa ya ji, ya yi shawara da kansa cewa mai ciki ba a tayar mata da hankali, ya yi shiru. Kwana shida bayan haka ina shanya a tsakar gida sai matar wani abokin aikinsa ta leƙo ta ce, "Sannu, ya jikin maigidan? An ce hannun da sauƙi ko?" Ina riƙe da jiƙaƙƙen zane, ruwansa na ɗiga a ƙafata, na kasa sakinsa na kasa shanya shi. Ita ma da ta ga fuskata sai ta dafe baki.

Washegari na tafi ofishin da ke kula da harkar iyalai. Wanda na samu mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya buɗe fayil, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, a nan an rubuta ba shi da aure." Ga cikina a gaba, ga shaidar aure a jakata. Ya ce ya yarda da ni ɗari bisa ɗari, amma ba shi da ikon ba ni bayanin lafiyar soja alhali sunana ba ya ciki, kuma fom ɗin sai da sa hannun mai shi da na shugabansa. Hannun da zai sa ɗin yana tsakiyar teku a naɗe da bandeji. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Doka ce aka yi don kare mijina daga duk wadda za ta shigo ta ce ita matarsa ce. Ni na bar kaina a waje.

Daga nan komai ya biyo baya kamar an warware zare. Asibitin soja da ya kamata in riƙa zuwa awo ba ni da katin shiga, sai na koma wani ina biya daga aljihu. Abin da ake ƙara wa mai iyali a albashi bai taɓa shigowa ba. Taron da ake kiran matan ma'aikatan jirgin a gaya musu ɗan abin da za a iya faɗa, ni ba a kira na, sai dai in jira su fito in tambaya. A wata na biyar kuma katin banki ya ƙare wa'adinsa, ban taɓa duba ranar da ke jikinsa ba. Banki suka ce sabo sai mai asusu da kansa. Na gwada ta waya, aka tura lambar tabbatarwa zuwa layinsa, layin kuwa yana cikin wayar da ke kulle a akwatinsa a jirgi. Albashi na shiga duk wata, ina ganin ranar biya ta zo ta wuce, ba ni da ikon taɓa ko sisi. Ɗankunnena na zinare na sayar na biya kuɗin haya. Yayan nasa ya taimaka, ban manta ba, amma ba ƙaramin ciwo ba ne ki miƙa hannu alhali gumin mijinki na ajiye.

Sa'ad da muka samu magana a waya bayan sun tsaya a wata tasha, minti bakwai aka ba shi. Na yi niyyar faɗa, na shirya kalamai tun dare. Da na ji muryarsa sai kuka ya ƙwace. Ya ce, "Ki yafe min, laifina ne." Na ce, "Namu ne." Sauran mintunan a kan banki suka ƙare.

Game da ranar dawowa, ki karɓe ta da hannu bibbiyu amma kada ki gina komai a kanta. Sau biyu aka ɗaga tamu. Na farko inji ya samu matsala, na biyu jirgin da zai karɓe su bai iso ba. Da na ɗauka rashin tsari ne irin na wurinmu, sai daga baya na gane halin aikin ne ko'ina a duniya. A 2020 babban jirgin yaƙin Amurka mai ɗaukar jiragen sama, Eisenhower, ya yi kwana 206 a jere a teku bai tsaya a tasha ko ɗaya ba saboda annobar korona. Wani kuma mai suna Gerald Ford ya bar gida a watan Mayun 2023, yaƙin Gaza ya ɓarke a Oktoba aka yi ta tsawaita zamansa a tekun Bahar Rum, bai koma ba sai Janairun 2024. Dubban mata da maza ne suka sa ranar tarba suka goge. Ni lissafina shi ne zai dawo da saura wata biyu in haihu. Ya dawo ya tarar da 'yarsa tana da kusan wata ɗaya da rabi.

Ko kin samu ranar, ki riƙe ta a cikinki. Kada ki rubuta a Facebook cewa saura kwana goma, kada ki sa hoton da ya turo daga tasha kina faɗin sunan garin. Wannan kam na kiyaye tun farko, don maƙwabciyar nan ta ja min kunne. Ba tsoro ne na banza ba. A farkon 2018 aka gano cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa tana nuna sansanonin soja a ƙasashe daban-daban, kawai saboda sojoji na gudun safe da na'urar da ke ɗauke da manhajar a hannu. Idan sawun gudu ya isa ya tona asiri, ina ga saƙon da ya faɗi rana da wuri? Sau da yawa in labari ya fita ana canza ranar, mijinki kuma shi zai amsa tambaya a gaban manyansa.

Dawowar ma ba kamar yadda na zana ta a raina ba ce. Mutumin da ya yi wata bakwai yana aiki awa shida yana hutawa awa shida, dare da rana, ba zai kwanta ƙarfe goma ya tashi da safe don kawai ya shigo gida ba. Ƙarfe biyun dare sai in farka in gan shi zaune a bakin gado. Ya ce shirun ɗakin ne ke hana shi barci, kunnensa ya saba da ƙugin inji. Kwana biyun farko yana tafiya yana ɗan buɗe ƙafa, ya ce ƙasa na rawa da shi. Wanka minti biyu ya fito, don a jirgi ruwan daɗi daga na gishiri ake tace shi, ba a wasa da shi. Jaririya ta ƙi yarda da shi, da ya ɗauke ta sai ta tsala ihu, na ga abin ya taɓa shi ko da yake bai ce komai ba. Ni kuma na saba yanke shawara ni kaɗai, sai ga wani yana tambayar me ya sa aka matsar da kujera. Mun ɗan yi ta karo kusan wata guda kafin kowa ya koma mazauninsa. Wannan bai dame ni sosai ba, don wanda ke gabanki ko faɗa kuka yi za ku shirya kafin dare.

Rana ta biyu da dawowarsa, tun baƙi ba su gama zuwa sannu da zuwa ba, na ɗauko jakar nan na zaro fom ɗin. Yana nan a ninke inda yake, ya je teku ya dawo. Na ce, "Baban yarinya, sa takalminka." Ya ce a bari a huta zuwa mako mai zuwa. Na ce yau. Muka je da shaidar aure da takardar haihuwar 'yar, ya sa hannu da hannun nan mai tabo, shugabansa ya sa. Daga can muka wuce banki aka buɗe asusun da ni ma nake da iko a kansa, saƙon tabbatarwa ya koma layina. Muka je wurin lauya ya rubuta takardar wakilci da ta ba ni damar sa hannu a madadinsa kan haya da makaranta da mota idan ba ya nan. Duka wannan yini ɗaya da rabi ya ci. Yini ɗaya da rabi! A kansa na yi wata huɗu ina zubar da hawaye, a kansa na rasa ɗankunnen da har yau ban mayar ba.

Ban tsaya a sa hannu ba. Bayan mako uku na sa shi ya koma ofishin da ni, na roƙi mutumin nan mai kirki ya juyo min da fayil ɗin in gani da idona. Ya gane ni, ya yi murmushi, ya juyo. Ga sunana, ga lambar wayata, ga adireshin ƙofarmu.

Yanzu duk lokacin da aka ce an kusa tafiya, ko an canza mana wurin aiki mun sake gida, abin da nake fara yi ke nan, in tabbatar adireshin da ke fayil shi ne inda nake kwana, in juya kowane kati in karanta ranar ƙarewarsa. Makon jiya wata amarya ta tare kusa da mu, mijinta a jirgi ɗaya yake da nawa. Na je yi mata sannu da zuwa, tana ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ban bari mun gama gaisawa ba na ce, "Ƙanwata, sunan wa ke cikin fayil ɗin mijinki?" Ta ce ba ta sani ba, kuma tana jin nauyin tambayarsa. Na ce ta ɗauko mayafinta, ni zan tsaya a bakin ƙofa har ta tambaye shi.