Kwana uku ina neman laifi a inda babu shi

A ɗan kamfanin da nake aiki, muna matse bidiyon karatuttuka kafin a ɗora su a intanet. Da manhajar matse bidiyo ta x264 muke yi, kwamfuta ta wuni tana huci. Sai Oga ya ce tunda akwai katin sarrafa hoto na NVIDIA a cikin kwamfutar, in mayar da aikin kansa. Tun 2012, zamanin samfurin katunan da ake kira Kepler, yawancin katunan nan ke zuwa da wani sashe na daban mai suna NVENC, wanda ba shi da aiki sai matse bidiyo.

Na sauko da Video Codec SDK da CUDA Toolkit, kayan aikin NVIDIA na masu rubuta manhaja, na gina misalan da ke cikin SDK ɗin da manhajar CMake, komai lafiya lau. Ina kunna AppEncCuda, ɗaya daga cikin misalan, sai ya tsaya cak. Na ɗauka ni na yi kuskure wajen girkawa, na goge CUDA na sake saukowa har sau biyu, data ta tafi a banza. A rana ta uku na zauna na karanta saƙon da ke fitowa a tsanake: direban katin, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da katin, ya tsufa, bai kai sigar da SDK ɗin ke nema ba.

Nan na fahimci abin da ya kamata in sani tun farko. SDK ɗin kusan fayil ɗin nvEncodeAPI.h ne da misalai da takardun bayani. Ainihin abin da ke magana da katin, wato libnvidia-encode.so a Linux, tare da direba yake zuwa. Komai kyawun abin da ka gina, idan direba na baya, ba inda za ka. Haka ma FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo: dole fayilolin nv-codec-headers da ka gina shi da su su dace da direbanka. A cikin Docker kuwa, mai gudanar da manhaja a keɓe, sai ka saka kalmar video a saitin NVIDIA_DRIVER_CAPABILITIES, in ba haka ba libnvidia-encode.so ba zai shiga ba sam.

Wani abokin aikina ya bi sahuna a tasa kwamfutar, ya ce, “Malam, nawa fa ya ƙi.” Muka duba, katinsa GT 1030 ne, kuma wannan katin ba shi da NVENC ko kaɗan. Shi tsarin matsewa na AV1 ma, a katunan NVIDIA sai daga jerin RTX 40 zuwa sama ake iya matsewa da shi. Yanzu kafin in sauke komai, umarnin nvidia-smi nake fara bugawa in ga sunan kati da sigar direba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne girman fayil. Bayan na sabunta direba, sauri kam an samu, amma a saitin p1, wanda ya fi kowanne sauri, rubutun allo ya riƙa dushewa sai na ƙara wa fayil nauyi, alhali ɗalibanmu da kuɗin datarsu suke kallo. Na koma p6, mai ɗan jinkiri amma mai kyawun hoto, na saka hoton allo guda gefe da gefe da na x264, na ƙura ido kan ƙananan lambobin da malamin ya rubuta da alli, sai da na iya karanta su duka na miƙa wa Oga.