Kwalabe Biyu na Jini, Daga Haɗejia Zuwa Kano

Bayan ɓarina na uku, kowa a gidanmu ya zama likita. Uwar mijina ta ce iska ce, gwaggota ta ce sammu, aka yi ta kawo rubutu da hayaƙi. Ita kuwa likitar da ke duba ni, ƙafata ta hagu ta tsaya tana tambaya a kai, wadda ta kumbura suntum bayan cikin wata biyar ya zube. Ta rubuta sunayen gwaje-gwajen jini uku a takarda, ta ce sai Kano.

Muka yi asubanci ranar Litinin, ni da Yaya. Mu huɗu aka cusa a kujerar mutum uku, ga ƙamshin bandar kifi yana tasowa daga but, tun yana daɗi har ya fara hawa min kai. Muka wuce Gujungu, muka wuce Gezawa, hantsi ya dubi ludayi muka sauka a Yankaba. Ɗan adaidaita ya ga takardar asibiti a hannuna, ya ƙara kuɗi. Yaya ta ce, "Haba ɗana, kai ba ka da 'yan'uwa mata?" Ya rage.

A ɗakin gwajin, wani matashi mai farar riga ya karanta takardar ya ce, "Hajiya, kina shan maganin tsinka jini?" Na ce a'a. Ya ce madalla, don irin su wafarin da hefarin suna rikita ɗaya daga cikin gwaje-gwajen. Ya ɗauko kwalabe biyu, ɗaya mai shuɗin murfi. A kan wannan ya fi natsuwa: ya ɗaga ta sama yana duban wani ɗan layi a jikinta, sai da jinin ya kai daidai nan ya zare. Akwai ruwan magani a ciki, in ji shi, kashi ɗaya ga kashi tara na jini, in ba ta cika ba aikin banza ne. Ya jujjuya ta a hankali kamar mai lallashin jariri, ya ce za a tace ruwan jinin a daskarar kafin a gwada.

Likitan jini ne ya warware min zancen. Ciwon da ake nema sunansa antifosfolifid, wani likita a Landan mai suna Graham Hughes ya bayyana shi a 1983. Garkuwar jiki ce take kuskure, ta ƙera sojojin da ke far wa wasu sinadaran jinin mai ita, sai jini ya riƙa yin guda a jijiya. In a ƙafa ne ta kumbura, in a ƙwaƙwalwa ne shanyewar ɓarin jiki, in a mabiyiya ne abincin ɗan tayi ya yanke. Sojojin nan iri uku ake nema: lufus antikowagulan, antikadiyolifin, da mai yaƙar wani sinadarin jini da ake kira beta 2. Abin da ya ba ni mamaki, wai na farkon a cikin kwalba jinkirta daskarewar jini yake yi, a cikin jiki kuma ya gaggauta shi. Yaya ta ce ashe har a jini akwai munafuki.

Sakamako ya fito bayan mako biyu, biyu daga cikin ukun sun nuna. Na ɗauka an gama. Ina! Sai an sake bayan mako 12, domin zazzaɓi ko wata cuta mai wucewa kan tayar da su na ɗan lokaci su lafa. Raina ya ɓaci, ba na ɓoyewa, tunkiyata guda ta tafi a zuwan farko. Amma da na tuna abin da muka kashe wajen masu hayaƙi, waɗanda ba su taɓa cewa a dawo a tabbatar ba, sai na yi shiru.

Zuwa na biyu damina ta sauka, gonakin shinkafa sun yi kore shar a hanya. Gwajin ya sake nunawa. Likitan ya ce in Allah Ya kawo rabo, in zo da wuri: ƙaramin asfirin kullum, da allurar hefarin a fatar ciki har bayan haihuwa, wafarin kuwa ba ya tafiya da goyon ciki.

A motar komawa Yaya ta karɓi takardar ta ninke, ta soke a lalitarta. Ta ce ita za ta kai wa uwar mijina da kanta.